Ƙarfen Inji a Jakar Shawkat Saheb

Ranar Alhamis ce, tsakiyar sanyi. Da na tashi sallar asuba na iske 'yata Tuli ta riga ni, tana tsugune a bakin famfo tana wanke safa. Safar mahaifinta ce, domin lakar tsibiri ba a shigarta da takalmi, cinye shi take yi. Sunan Tuli na takarda Sanjida Haque, shekarunta ashirin da takwas.

Wajen ƙarfe bakwai muka zauna karin kumallo. Na turara wainar shinkafa mai sukarin dabino a ciki. Mahaifinta, Anwarul, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ya leƙa ta taga ya hango igiyar shanya.

"Wato ni na ajiye aiki, safata ta kama," in ji shi.

"Abbu, bar ta ta ga duniya mana. Shekara nawa tana zuwa gidan waya tana dawowa?" in ji Tuli. Abbu take ce masa, ni kuma Ammu.

"To, in kin ga tsuntsuwar nan taku ki gaishe ta. Ki tambaye ta ko tana da wa mai aikin gwamnati."

"Tana da shi, amma a Rasha yake. In bi shi?"

"Allah ya kiyaye. Ci wainarki."

Ƙarfe tara ta tafi shagon tabarau da take aiki a nan Maijdee, inda take auna idon mutane tana ɗaura musu gilashi. Ni kuma na tafi kwalejin mata da nake koyar da lissafi. Da azahar ta kira ni a waya ta tambaya ko na sha maganin hawan jini. Na sha. Da la'asar ta dawo da wuri, rungume da ayaba da dakakkiyar shinkafa da sukari, guzurin baƙi. Tana cikin ɗaurewa wayarta ta yi ƙara, ta miƙe tsaye ta amsa. Shawkat Saheb ne, wato Yallaɓai Shawkat, shugaban wata ƙungiyar masu ɗaukar hoton tsuntsaye a Dhaka, babban birninmu, wanda zai kawo mutane takwas washegari.

"To, Saheb. Tana nan, Saheb, na gan ta makon jiya. In sha Allah."

Da ta kashe wayar sai ta kumbura kumatu ta kwaikwayi muryarsa: "'Tuli, mutanen nan manya ne, kar tsuntsuwar ta ba mu kunya.' Ammu, kin ji fa. Kamar ni na haife ta."

Bayan magariba na shafa mata mai a gashi, tana mita cewa hannuna ya yi nauyi. Bayan isha'i muka ci shinkafa da miyar wake da dakakken busasshen kifi. Ta ce sai da safe, na ce Allah ya kai mu. Iyakar abin da aka yi a ranar ke nan. Na sha bin ta daga farko zuwa ƙarshe, ban samu wata alama ba.

Tuli ta san laka tun tana ƙarama. An taɓa tura mahaifinta aiki tsibirin Hatiya, muka zauna can har ta gama firamare. Matan da ke kama ƙaguwa su suka koya mata inda ake taka ƙafa da inda ba a takawa, da yadda ake gane ruwa ya juyo tun ido bai gan shi ba. A makaranta ba ta yi fice ba. Ta gama digiri da ƙyar, ta zauna jarrabawar aikin gwamnati sau biyu ba ta ci ba, ta ce ya ishe ta. Tana da tsiwa, ba ta iya dafa shinkafa ba tare da ta kama ba, kuma ba ta taɓa mayar da littafin da ta ara ba. Amma in aka tsayar da ita gaban dubban ƙananan tsuntsayen bakin teku, masu launin ƙasa, waɗanda ni duk ɗaya nake ganinsu, sai ta tsamo guda ɗaya ta ce ga ta can.

Wannan guda ɗayar ita ce tsuntsuwar da ake kira mai bakin cokali. Ba ta cika tafin hannu ba. Daga can arewacin Rasha take tasowa in sanyi ya kama, kuma 'yan ɗaruruwa suka rage a duniya. Biyu ko uku kan sauka a Char Tuniya, wani tsibirin laka da yashi da ba kowa a kansa, tafiyar safiya guda daga gaɓa. Mutane kan zo daga Dhaka da kyamarori masu tsayin hannun mutum don su gan ta. Su ba za su iya samo ta ba, don haka ranakun Juma'a na sanyi Tuli ke raka su, a jirgin ruwan Jobbar Majhi, wato Jobbar mai jirgi, mutumin Hatiya da ya san ta tun tana yawo ba ɗankwali. Tana ce masa Chacha, wato baffa, shi yana ce mata Mamoni, wato 'yar lele.

Ga yadda ake aikin. Kullum ruwan teku yakan janye ya bar laka, sannan ya dawo ya rufe ta. In ruwa ya janye, baƙin sukan kwanta rub da ciki a kan tudun yashi. Tuli takan tsallake wani mashigin ruwa da ƙafa ta zagaya bayan garken tsuntsayen, ta zauna a laka ita kaɗai. In ruwa ya fara dawowa, shi ke koro tsuntsayen a hankali zuwa tudun, ita kuma zamanta a can yana hana su bazuwa. Wato lokacin da hoto ya fi kyau shi ne lokacin da mashigin ke cika a bayanta. Ba ta dawowa da ƙafa. Jirgi ke zagayawa ya ɗauko ta, sannan ya ɗauki sauran.

Injin jirgin Jobbar irin wanda ake murɗawa da ƙarfe ne kafin ya tashi, kamar injin casar shinkafa. Masu jirgi kuwa tsoron ruwa suke yi, sukan tayar da inji da wuri, ƙarar ta watsa tsuntsaye. Sai masu hoto suka fito da dabara: da an sauka, shugaban tafiya ya karɓe ƙarfen ya sa a jakarsa, ba zai mayar ba sai an gama. Ba zan ce Tuli ba ta san da wannan ba. Ta sani, ta yi mita a kai a gabana, ta kuma ci gaba da zuwa.

Abin da ya faru ranar Juma'a daga bakin Jobbar na ji shi, na kuma maimaita masa tambayoyina ta fuskoki daban-daban kamar yadda nake yi wa ɗaliba, labarinsa bai canja ba.

Ruwan sabon wata ne, ya fi na kullum ƙarfi. Mai bakin cokali kuma ta makara, ba ta matso kusa da tudun ba sai da mashigin ya cika. Jobbar yana cikin jirgi a bayan tsibirin, nesa, inda aka ce ya tsaya. Ya hango Tuli ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi in ana ɗaukar hoto. Ya gwada tura jirgin da gora, ruwa ya mayar da shi. Ya kira wayar Shawkat Saheb, a kashe take, domin haka dokarsu ta ce. Sai ya diro ya nufi tudun, laka har gwiwa, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya.

Da ya iso, mutum tara na kwance a jere. Shawkat Saheb ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba, alamar ya duƙa.

"Saheb, ƙarfen. Ruwa ya yanke wa Mamoni hanya."

"Duƙa, kai Majhi! Za ka tashe ta."

"Saheb, maganar mutum nake maka."

"Tuli ta fi ka sanin lakar nan. Ɗan jira kaɗan."

Jobbar ya ce min shi kuwa ya jira, kuma wannan jiran shi ke hana shi cin abinci har yau. Ya tsuguna, yana jin kyamarori suna ƙyas-ƙyas kamar ana yankan farce. Sannan ya fizge jakar ya juya da gudu. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Wani daga cikin baƙin ya zage shi har uwa.

Murɗawa ɗaya injin ya tashi. Amma da jirgin ya zagayo babu laka, babu Tuli, sai ruwa. Da alama ta jira har ruwa ya kai mata ƙugu, sannan ta gwada tsallake mashigin da madubin hangen nesa a kafaɗa. Madubin na ƙungiya ne, aro aka ba ta. Babu wanda ya ga lokacin da ta shiga. Mutum tara, kowanne da gilashin da zai ƙirga gashin fiffiken tsuntsu daga nesa, ba ɗaya da ya juya nasa wajenta. Masunta ne suka same ta ranar Lahadi.

Ban ce da ƙarfen yana cikin jirgi lalle da ta rayu ba. Rai a hannun Allah yake, kuma ni malamar lissafi ce, ba na faɗin abin da ba zan iya tabbatarwa ba. Abin da na ce shi ne akwai jirgi, akwai mai jirgi, akwai inji lafiyayye, kuma ƙarfen yana cikin jaka tare da ayaba.

A wurin 'yan sanda, baƙin nan tara magana ɗaya suka faɗa: injin ya ƙi tashi. Aka kama Jobbar da laifin sakaci, aka ɗaure jirginsa a gaɓa. Ya faɗi batun ƙarfe, amma bakin mai jirgi ɗaya ne, nasu tara, cikinsu har da injiniya da ma'aikacin banki. Ranar da muka yi sadakar uku, ƙungiyar ta saka hoton tsuntsuwar a shafinta, an zagaye shi da baƙi. Hoto ne mai kyau, har ɗigon ruwa ana gani a bakinta. A ƙasa suka rubuta cewa Tuli ta ba da ranta saboda tsuntsaye. Ba ta ba da komai ba. Ta tafi aiki ne da guzuri, tana sa ran dawowa ta ci abincin dare.

Anwarul ya ce mu bar wa Allah. Na ce na bar masa Tuli, amma Jobbar yana da rai, yana da 'ya'ya, kuma an ɗora masa gawar 'yata a kai. Muka tsaya masa aka ba da belinsa. Na nemi lambobin mutanen nan na kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su ɗauka ba. Wani ya ce idonsa na kan kyamara, bai ga komai ba, kuma na yarda da shi. Wata likitar haƙori ta fashe da kuka, ta kira ni Apa, wato babbar yaya, ta ce, "Apa, gaskiya Majhi ya faɗa. Amma don Allah kar ki ambaci sunana. Yaya Shawkat ne ya koya mana komai." Na ce mata na gode, na ajiye wayar.

Bayan arba'in Shawkat Saheb da kansa ya kira ni. Muryarsa a tausashe. Za su yi taron tunawa da Tuli a Dhaka, za su sa wa tafiyar shekara-shekara sunanta, kuma suna so in kawo wasu kayanta, hula ko jaka, a ajiye a akwatin gilashi a ofishinsu. Na ce zan zo.

Na je ba da kaya ba. Jobbar na tafi da shi. A ƙofar zauren mai gadi ya tare shi saboda zanen lungi da ke ƙugunsa.

"Ba a shiga da lungi, Madam."

"Da shi ya shiga laka neman wadda ake taron dominta. Matsa."

Ya matsa. A ciki an rataye hoton tsuntsuwar, ya fi ƙofa girma, na Tuli kuma ƙarami a gefe, an sa masa furanni. Aka yi jawabai. Shawkat Saheb ya ce ita 'yarsa ce, ya share ido, kuma ina jin hawayen na gaske ne. Sannan aka ce uwar marigayiya ta ce wani abu. Wayoyi suka ɗago, domin mutanen nan ba abin da ba sa ɗauka.

Na ce ni ban iya jawabi ba, amma ban taɓa zuwa tsibirin ba, ina so in fahimci aikin da 'yata ke yi. Na juya wajen Shawkat Saheb.

"Saheb, yaya ake yi tsuntsu mai tsoro haka ya matso kusa, alhali ga jirgi mai inji a wurin?"

Fuskarsa ta saki. Tambaya ce da yake son amsawa.

"Apa, a nan sirrin yake. Masu jirgin nan ba su da haƙuri, da sun ga ruwa sai su tayar da inji. Ni na fito da tsarin. Da mun sauka, nakan karɓi ƙarfen tayar da injin in riƙe. Yanzu duk ƙungiyoyi haka suke yi."

"Kullum?"

"Kullum, Apa. Ba a fashi."

"Har ranar?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Tambayata ɗaya ce ta rage, Saheb. Injin da ƙarfensa ke jakarka, yaya aka yi ka san ya ƙi tashi?"

Na zaci zai musa. Bai musa ba. Ya dubi mutanensa kamar yana neman su taya shi mamakin rashin fahimtata.

"Amma Apa, ai kowa haka yake yi. Ita ma Tuli ta sani. Mun zo tun daga Dhaka, mutane sun bar ayyukansu, tsuntsuwar tana cikin gilashi. Ba wanda ya yi tsammani..."

"Majhi ya yi tsammani. Ya zo ya gaya maka."

Daga bayan zaure Jobbar ya ce, "Saheb, cewa ka yi in duƙa. Na kuwa duƙa."

Aka ce a tashi a sha shayi. Wata mata mai zanen siliki ta kama hannuna ta ce ta san zafin da nake ji, amma nan ba wurin wannan magana ba ne, an taru ne don girmama yarinyar. Na tambaye ta ina ne wurin. Ta saki hannuna.

Kafin mu isa tashar mota, wani da ban sani ba ya turo min bidiyon. Lauyan Jobbar ya kai shi kotu, aka janye tuhumar. Sai dai kafin a sake masa jirgin damina ta wuce a kansa, katakon ƙasa ya ruɓe, sai da 'yan'uwansa suka taru suka gyara. Mutum taran ba wanda aka tambaya dalilin ƙaryar da suka yi. An ce ruɗewa ce. Shawkat Saheb ya sauka daga shugabanci don kansa, aka yaba masa da dattako. Masu jirgin gaɓar su Jobbar sun yi rantsuwa ba za su ƙara ba kowa ƙarfe ba. Sai ƙungiyoyin suka koma wata gaɓa can gaba, inda talauci ya fi tsanani, kuma na ji ana bayarwa. Tafiyar shekara-shekara tana nan da sunan 'yata. Na rubuta musu su cire, suka amsa cewa an riga an buga riguna.

Madubin hangen nesan ya fito a ragar wani masunci bayan damina, cike da laka da ƙananan kifaye matattu. Tun kafin nan sakataren ƙungiyar ya taɓa tambayata cikin ladabi ko an same shi, domin yana cikin kayansu. Na naɗe shi yadda yake, ban wanke ba, na aika musu.

Sauran kayan ba su da yawa. Tufafinta na raba wa matan da ke kama ƙaguwa a Hatiya, ban da zane ɗaya ruwan ganye da ƙanwata ta roƙa. Littattafan tsuntsaye, mu biyu muka zauna muka duba sunayen da ke bangonsu, muka mayar wa waɗanda muka iya samu. Sauran muka kai makarantar firamaren da ta yi. A aljihun tebur ɗinta na shago an tarar da tabarau na karatu da ta gama ɗaurawa ba a zo karɓa ba. Anwarul ya bi adireshin da ke jiki, ya kai wa wani tsoho mai ɗinki, tsohon ya saka ya ce ya yi daidai. Kekenta mun ba 'yar maƙwabta. Gadonta yana nan, baƙi na kwana a kai. Farantin da take cin abinci na mayar cikin sauran faranta, kuma yanzu ba mu san wanne ne ba.